An Koya Mana Majalisar Ingila, An Ɓoye Mana Hanyar Albashinmu

'Yan uwana malamai, duk wanda ya bi ta kwalejin ilimi a cikinmu ya ɗanɗani wani abu daga darussa biyu: na bunƙasar tattalin arziki da na kwatanta tsarin mulkin ƙasashe. Waɗanda suka karanci nazarin zamantakewa ko tattalin arziki ko kimiyyar siyasa sun sha su har wuya, sauran kuma sun gamu da gutsattsarinsu a darussan gama-gari. Yau in ka tara malamai goma ka tambaye su bambancin tsarin shugaban ƙasa da na firaminista, za su zubo maka amsa kamar karatun allo. Ka sake tambayarsu ta wace hanya albashinsu yake bi daga Abuja har ya faɗo asusunsu, hannu nawa yake ratsawa, wane sashe na kundin tsarin mulki ne ya shata masa hanyar, sai wuri ya yi tsit. A kan wannan shirun nake tuhumar yadda ake koyar da darussan nan.

Mu fara da bunƙasar tattalin arziki. Kusan kowa ya haddace matakai biyar na Rostow: al'umma ta gargajiya, sharar fage, yunƙurin tashi, tafiya zuwa ga balaga, sai zamanin wadata da yawan saye. An ba mu su a takardar da aka tilasta mana saye, muka haɗiye, muka amayar ranar jarrabawa. Ba a ce mana Rostow ya wallafa littafin nasa ne a 1960, a tsakiyar yaƙin cacar baka, da niyyar mayar wa mabiya Karl Marx martani ba. Ba a ce mana mutumin daga baya ya zama mashawarcin shugabannin Amurka kan tsaro ba. An miƙo mana ra'ayin ɗan siyasa guda kamar hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Ɗalibin da aka horar haka zai fita da tunanin cewa ƙasarsa tana tsaye ne a matakala ta biyu, kuma lokaci kaɗai ne zai hau da ita, ba tare da kowa ya yanke wata shawara ko ya ɗauki alhakinta ba.

Alhali a cikin wannan fannin akwai abin da ya shafi malamin firamare kai tsaye. Theodore Schultz, wanda ya raba lambar yabo ta Nobel da Arthur Lewis a 1979, ya yi suna ne saboda hujjar da ya kafa cewa kuɗin da ƙasa ta kashe wajen ilmantar da jama'arta jari ne mai dawo da riba, daidai da gina masaƙa ko madatsar ruwa. Wannan makami ne a hannun duk malamin da wani kansila zai kalla ya ce masa makaranta ba ta kawo kuɗin shiga. Amma sau nawa aka tsaya a kansa a aji? Haka nan shirin daidaita tattalin arziki da gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shi a 1986: an rubuta mana sunansa da shekararsa, aka wuce. Ba a zauna an nuna mana yadda karya darajar naira da tsuke bakin aljihun gwamnati suka cinye albashin malaman da suka koyar da mu, har wasunsu suka bar alli suka kama kasuwa ba.

Darasin kwatanta tsarin mulki kuwa ya fi ban takaici. Mun san Ingila tana da majalisa biyu, ta wakilan jama'a da ta iyayen ƙasa. Mun san kowace jiha a Amurka tana da sanata biyu. Mun san Faransa ta haɗa shugaban ƙasa da firaminista. Mun san Nijeriya ta bi tsarin Ingila daga 1960 zuwa 1966, ta koma irin na Amurka a 1979. Duk wannan gaskiya ne, kuma saninsa ba laifi ba ne. Laifin shi ne a tsaya nan. Kwatance ana yin sa ne domin mutum ya gane gidansu. Wanda ya zagaya kasuwanni ya ji farashi, ya dawo bai san nawa ake sayar da mudu a garinsu ba, yawon banza ya yi.

Ga abin da ya kamata kowane ɗalibin kwaleji ya sani kafin a miƙa masa takardar NCE. Babban kason kuɗin asusun tarayya ana raba shi ne kashi 52.68 cikin ɗari ga gwamnatin tarayya, kashi 26.72 ga jihohi, kashi 20.60 ga ƙananan hukumomi 774. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sanya ƙaramar hukuma cikin masu ɗaukar nauyin ilimin firamare. Sashe na 162 kuma ya kafa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda ta cikinsa kason ƙananan hukumomin yake bi. A yawancin jihohi daga nan ake cire albashinmu a miƙa wa hukumar SUBEB. Ke nan malamin firamare yana rataye ne tsakanin gwamna da ciyaman: in albashi ya makara, wannan ya nuna wancan, wancan ya nuna wannan, mai kanti kuma ya rufe mana littafin bashi. Sashe na 18 ya yi alkawarin ilimin firamare kyauta, amma sashe na 6 ya hana kotu bin diddigin alkawuran babin da yake ciki, sai da dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta zo ta mai da shi wajibi. Dokar ta ware aƙalla kashi 2 cikin ɗari na haɗaɗɗen asusun gwamnatin tarayya domin ilimin matakin farko, da sharaɗin jiha ta ajiye nata rabin kafin ta karɓa. Saboda rashin cika wannan sharaɗi, biliyoyin naira sun sha kwana a Abuja shekara da shekaru, yaranmu suna zaune a ƙasa, rufin aji yana yoyo.

Wannan tsari yana da tarihi, kuma tarihin yana da ɗaci. A 1988 aka kafa hukumar kula da ilimin firamare ta ƙasa, albashi ya ɗan daidaita. A 1991 aka rushe ta aka damƙa firamare a hannun ƙananan hukumomi, malamai suka yi watanni ba su ga ko kwabo ba, makarantu suka yi ta zama a rufe saboda yajin aiki. A 1993 dole ta sa aka dawo da hukumar. Da yawa daga cikinmu muna 'yan makaranta a lokacin, mun ga abin da idonmu. To, da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, malamai nawa ne a reshen nan suka iya bayyana abin da hukuncin zai jawo wa albashinsu? Wasu sun yi murna don sun gaji da gwamnoni, wasu sun tsorata don sun tuna 1991, mafi yawa kuma sun jira a faɗa musu ko murna za su yi ko kuka. Mutanen da suka ci jarrabawar kimiyyar siyasa ke nan.

Da an so a yi kwatance mai amfani, ga ƙasashen da suka sha irin wahalarmu. Brazil tarayya ce mai shugaban ƙasa da matakan mulki uku, kamar mu. A 1996 ta gyara kundinta ta kafa asusun da jihohi da ƙananan hukumomi suke zuba kuɗi a ciki, a raba bisa yawan yaran da kowa yake da su a makaranta, kuma doka ta ce aƙalla kashi 60 cikin ɗari na albashin malamai ne. A 2020 aka mai da asusun na dindindin, aka ɗaga kason ma'aikatan ilimi zuwa kashi 70. Kenya ta raba iko ga gundumomi 47 a kundinta na 2010, amma ta bar ɗaukar malaman firamare da biyansu a hannun hukuma guda ta ƙasa, wadda take aiki tun 1967. A Uganda bincike ya gano cewa tsakanin 1991 da 1995 kashi 13 kacal cikin ɗari na kuɗin gudanarwa da gwamnati take aika wa makarantun firamare ne yake isa gare su. Sai gwamnati ta fara buga abin da ta aika wa kowace gunduma a jaridu, ta sa makarantu su liƙa abin da suka karɓa inda kowa zai gani. Zuwa 2001 kusan kashi 80 yana isa. Hanyoyi uku ke nan mabambanta, kowace da nata aibin, kowace kuma ta isa a yi mako guda ana muhawara a kanta a aji. Me ya hana? Ko kuwa majalisar iyayen ƙasa ta Ingila ta fi kusa da makarantar ƙauye?

Na san abin da za a ce. Wasu cewa suke yi malamin firamare ba ya bukatar waɗannan darussa tun farko, a koya masa dabarun koyar da baƙaƙe da lissafi kawai ya isa. Masu wannan magana sun ga ciwo a yatsa sun ɗauko gatari. Mu ne muke koyar da darasin zama ɗan ƙasa. Mu ake ɗauka aikin zaɓe da na ƙidaya. A ƙauyuka da dama, wurin malam ake kawo takardar gwamnati ya karanta ya fassara. Wanda bai san yadda ake raba dukiyar ƙasa ba, me zai faɗa wa yaron aji shida da ya tambaye shi dalilin da ya sa aka yi wa garin maƙwabta rijiyar burtsatse aka tsallake nasu? Jahilcin malami game da mulki riba ne ga mai mulki, shi ya sa ba za ka taɓa jin wani mai riƙe da madafun iko ya koka da shi ba.

Malaman kwaleji kuma za su ce manhaja daga hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa take zuwa, hannunsu a ɗaure yake. Manhaja tana ba da kanun darasi ne, ba ta hana kowa ya shigo aji da kasafin kuɗin jiharsa ba. Ba ita ta ce a shekara goma sha biyar ana sayar da takarda ɗaya, ana sauya bangonta kawai ba. Ba ita ta ce ɗalibin da ya kawo misali daga garinsu a rage masa maki don ya kauce wa abin da ke cikin takardar ba. Mun san azuzuwansu sun cika maƙil, mun san su ma ana riƙe musu haƙƙi. Wannan dalili ne na su koyar da darasin da zafin rai, tun da ciwon ɗaya ne.

Akwai kuma masu cewa wannan shigar da siyasa ne cikin ilimi. Su koma su karanta tarihin yankin nan. Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Balewa malaman makaranta ne da suka fito daga Kwalejin Katsina. Shehu Shagari malami ne. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauchi da Maru, ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, kuma fahimtar da ya yi wa tsarin En'e da haraji da jangali ita ce ta zama tushen gwagwarmayarsa, har gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna suka soke harajin a 1979. Kafin su ma, malaman Sakkwato sun yi rubutu a kan mulki da baitulmali da haƙƙin talakawa: Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Diya'ul Hukkam, Muhammadu Bello ya rubuta Usulus Siyasa. Tun kafin nan Al-Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan tafiyar da mulki. A ƙasar nan malami bai taɓa zama baƙo a zancen mulki ba. Sabon abu shi ne malamin da aka horar ya yi shiru.

Saboda haka ina kira ga reshenmu da abu uku. Na farko, a rubuta wa kwalejin da take kusa da mu, ta hannun shugabannin ƙungiya na jiha, a nemi kowane ɗalibin da zai koyar a firamare ya yi aikin bin diddigin kuɗin ilimi na ƙaramar hukumarsu kafin ya kammala: nawa ya shigo, nawa aka cire, nawa ya isa aji. Na biyu, a ware rabin sa'a a kowane taron reshe domin karanta sashe guda na kundin tsarin mulki ko na dokar 2004, a fassara shi da Hausa, a yi tambayoyi. Muna da masu digiri a tattalin arziki da kimiyyar siyasa a cikinmu, ba sai mun gayyato kowa daga nesa ba. Na uku, jaridar nan ta buɗe shafi da za ta riƙa buga kason da ƙaramar hukumarmu ta samu kowane wata, tun da ana bayyana alƙaluman rabon ga kowa, a ajiye shi kusa da jimillar albashin malamai.

Ranar da za mu zauna da hukuma kan ƙarin girma ko bashin albashi, wanda yake ɗaya gefen teburin zai zo da alƙalumansa a jaka. In muka je da ɓacin rai kaɗai, zai ce babu kuɗi, mu tashi. In muka je da takarda mai nuna abin da ya shigo a watan jiya da abin da doka ta ce a yi da shi, dole ya sake zama. Abin da kwaleji ba ta ba mu ba, ƙungiya ta ba mu, kuma mu tsaya tsayin daka a kan kada ƙannenmu da suke kwaleji yanzu su fito kamar yadda aka fito da mu. Allah Ya sa mu dace.