A Karanta Ƙasa Kafin A Haƙa Ta

Jama'a, ba a manta da abin da ya faru a Jihar Zamfara cikin 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dutsen da ake dakawa a cikin gidaje don neman zinariya, ashe cike yake da dalma. A 2015 kuma sai ga irin wannan masifa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Mun tuno da wannan ne saboda 'yan'uwanmu da yawa da suka zo Kudu cin rani sun faɗa ramukan zinariya na ƙasar Ilesha.

Ido ba ya rabe dutse mai guba da marar guba, amma awo yana rabewa. Idan aka kai ƙasa ko tsakuwa ɗakin gwaje-gwaje, akan auna yawan dalma da tagulla da sauran ma'adinai, wani lokaci har iri talatin. Samfuri dubu ke nan ya haifar da lambobi dubu talatin, waɗanda ba mai iya riƙe su a ka. To, nan ne ilmin ƙididdiga yake shigowa. Kwamfuta takan tattara samfuran da lambobinsu suka yi kama da juna, ta ware waɗanda suka fita dabam. Haka Bafulatani yake gane saniyarsa cikin garke: ba da launi kaɗai ba, sai ya haɗa da ƙaho da tozo da tafiya.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1972 wani masani a Amurka, Bruce Kowalski, da abokan aikinsa suka yi amfani da ita suka gano tsaunukan da aka saro duwatsun wasu kayan aikin mutanen da. In har ta iya nuna asalin dutse, za ta iya nuna ramin da ya yi kama da na Bagega.

Sai dai fa in aka ɗebo samfuri da ganganci, sakamakon ma ya zama na banza. Saboda haka muna kira ga Hukumar Binciken Ma'adinai ta Ƙasa da ta auna wuraren da ake haƙa, ta bayyana sakamakon da Hausa da Yarabanci. Sarakunan Hausawa na Sabo kuma su ja kunnen mutanensu, kada kowa ya kai dutse gida ya daka kusa da yara. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyaye.