Sikila: Kafin Maganin Dala Miliyan 2.2 Ya Iso Mu

A watan Nuwamban 2023 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta amince da Casgevy, magani na farko a duniya da aka yi shi da fasahar gyaran ƙwayoyin halitta ta CRISPR. Bahrain ta bi sahu, sai Amurka ranar 8 ga Disamba, sannan Saudiyya. Cutar da aka nufa da shi kuwa ba baƙuwarmu ba ce. Sikila ce, amosanin jinin nan da da wuya a sami zuri'a a ƙasar Hausa wadda bai taɓa ba. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, wato kimanin naira biliyan 3.

Aikin ya cancanci yabo, kuma ba za mu rage masa komai ba. Asalin sikila kuskuren harafi ɗaya ne tak a cikin ƙwayar halittar da ke ƙera sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a jini. Wannan kuskure ne ke sa jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe su yi tauri, su toshe ƙananan jijiyoyi, sai ga ciwon ƙashin da ke sa yaro ya kwana yana birgima. Masu binciken ba su ma taɓa harafin ba. Sun lura cewa jariri mai sikila yakan yi watanninsa na farko lafiya lau, domin jinin da ya zo da shi daga ciki yana ɗauke da wani nau'in sinadarin da ba ya lanƙwashewa, sai daga baya jiki ya daina yin sa. Sai suka nemo makunnin da ke kashe shi, wata ƙwayar halitta mai suna BCL11A, suka daƙile ta a cikin ƙwayoyin ɓargon majiyyacin, jiki ya koma yin jinin jarirantaka. Victoria Gray, wata Ba'amurkiya daga jihar Misisifi, ita aka fara yi wa a 2019, kuma ta rabu da tashin ciwon da ya cinye mata ƙuruciya.

To amma ko da wani attajiri zai biya kuɗin, maganin ba allura ba ce da za a yi a kemis. Sai an ɗebi ƙwayoyin ɓargo, an aika su ɗakin bincike na musamman, an ba majiyyaci maganin ƙona ɓargo mai ƙarfi irin na masu ciwon daji, wanda kan iya hana haihuwa, sannan ya yi makonni a killace a asibitin da wuta ba ta ɗaukewa. Dashen ɓargo na gargajiya ma, wanda aka fara yi a Najeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin tun 2011, har yau tsirarun mutane ne suka samu.

Alhali Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu wannan cuta. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne jarirai kimanin 150,000 ake haifa da ita duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, wato yana ɗauke da ƙwayar ba tare da ciwon ba. Dalilin yawan ma sananne ne tun binciken Anthony Allison na 1954 a gabashin Afirka: mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, don haka ƙwayar ta yaɗu a inda sauro ya yi katutu. A Birtaniya da Amurka fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran da aka haifa da sikila suna kaiwa girma. A Afirka kudu da Sahara masu bincike sun ƙiyasta rabi ko fiye ba sa cika shekara 5. Da yawansu sukan tafi ba a ma san abin da ya ɗauke su ba. A ce wabi ne, a ce iska ce, wani lokacin a ɗora wa wata tsohuwa a unguwa maita.

Wannan tazara ba CRISPR ce ta kawo ta ba, domin ta wanzu shekaru da dama kafin a san da shi. Abin da ya raya yaran Birtaniya da Amurka abubuwa ne masu araha. Ana gwada jinin kowane jariri a kwanakinsa na farko. Wanda aka samu da SS, wato mai sikila, sai a ɗora shi kan fenisilin kullum, abin da bincike ya tabbatar tun 1986 cewa yana hana cutar huhu da gubar jini da ke kashe su farat ɗaya. A yi masa rigakafi, a koya wa uwa taɓa saifa da gane zazzaɓin da ba a jira da shi. A wajenmu sai a ƙara da gidan sauro da maganin kariya daga maleriya. Yanzu akwai ƙananan kayan gwaji da ke fitar da sakamako cikin mintuna daga ɗigon jini, ba sa bukatar lantarki, ungozoma a ƙaramin asibitin ƙauye za ta iya amfani da su ranar da aka kawo jariri allurar farko.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne, ɗaya daga cikin muhimman hujjojin duniya a kan wannan batu a gidanmu aka samar da shi. Kusan yaro ɗaya cikin goma masu SS yakan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin shekara 20 idan ba a tare ba. A ƙasashe masu hali ana auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na'ura, wanda aka ga yana cikin haɗari a riƙa yi masa ƙarin jini duk wata. Kowa ya san halin da ma'ajiyar jini take ciki a asibitocinmu. Sai likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Murtala a Kano da na Barau Dikko a Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka gwada ƙwayar haidiroksiyuriya a madadin jinin. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna ko ƙaramin awo na maganin yana kare yaran. Maganin tsoho ne, ana sarrafa shi a cikin Najeriya, kuma aikinsa kusan ɗaya da na Casgevy: ƙara jinin jarirantaka, sai dai shi kullum ake sha. Iyayen Kano da Kaduna ne suka ba da 'ya'yansu aka yi wannan bincike. Bai kamata a ce yau uba a Gwarzo ko Birnin Gwari yana ƙirga kuɗin aljihunsa kafin ya sayi na wata guda ba.

Gwamnatocinmu sun fi karkata ga doka. A 2024 Jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na sikila, kuma muna goyon bayan hakan. Ma'aurata biyu masu AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, kuma lissafin sabo ne a kowane ciki, ba wai in na fari ya zo da ita ukun da ke biye sun tsira ba, kamar yadda wasu ke zato. Sai dai gwajin da aka yi bayan an kai lefe, an sa rana, an buga kati, ya zo a makare. A lokacin ne ake neman takardar bogi, ko a ce a bar wa Allah. Akwai kuma ɗakunan gwaji barkatai da za su ce wa mutum AA yau, gobe wani ya ce AS. A fara gwajin tun a makarantun sakandare da na Islamiyya, a sa ido kan masu yin sa, limamai kuma su riƙa faɗa cewa AS ba cuta ba ce, kada a mayar da 'yan mata abin gudu. Sannan dokar aure ba ta yi wa yaron da aka riga aka haifa komai.

Don haka wannan jarida tana kira ga gwamnonin Arewa da su sa gwajin sikila cikin jadawalin rigakafin jarirai a kowane ƙaramin asibiti, su sa haidiroksiyuriya da fenisilin cikin magungunan da hukumomin inshorar lafiya na jihohi ke biya, su kuma samar da na'urar auna jijiyoyin ƙwaƙwalwa da wanda ya iya aiki da ita a kowane babban asibiti. A 2019 Cibiyar Binciken Lafiya ta Amurka da Gidauniyar Gates sun yi alƙawarin dala miliyan 200 don neman gyaran ƙwayar halitta mai sauƙi da zai iya isa Afirka. Ranar da aka dace, za a nemi rajistar majiyyata da asibitocin da suka san yaransu ɗaya bayan ɗaya, kuma yawancin jihohinmu ba su da ko ɗaya daga ciki. Majalisun jihohi su nemi kwamishinonin lafiya su kawo musu adadin jariran da aka gwada a bana kafin su amince da kasafin baɗi.