Horon sana'a a Diffa ya koma bakin Komadugu

Arzikin jihar Diffa a bakin kogin Komadugu yake. Daga Shetimari zuwa Geskeru har Bosso, tattasai ne ke aurar da 'ya'ya, shi ke biyan kuɗin magani, shi ya sa ake masa laƙabi da jan zinariya. Kafin 2015, buhunan busasshen tattasai kan ƙetara zuwa Damasak da Maiduguri su dawo da kuɗi. Bayan harin da Boko Haram ta kai Bosso da Diffa ranar 6 ga Fabrairu 2015, dokar ta-ɓaci ta hana hawan babur, ta tsayar da cinikin tattasai da na kifi, ta taƙaita takin uriya da man fetur. Kafin ƙarshen shekarar makarantu kimanin 150 sun rufe. Yaron ƙauye ya rasa aji, ya rasa gona, ya rasa kabu-kabu, duk a shekara guda.

Horon da aka yawaita kawo wa waɗannan matasa shi ne ɗinki, walda, kafinta da haɗa sabulu, a ƙare da bikin raba kayan aiki. Ba mu raina waɗannan sana'o'i ba, amma tela nawa garin Diffa zai ciyar, alhali masu ba da ɗinkin kansu da kuɗin tattasai suke biya? Mu a ganinmu, horon ya kamata ya bi inda kuɗin yankin ke fitowa. Kwarin Komadugu na bukatar makanikan injin ban-ruwa, domin idan inji ya tsaya kwana kaɗan a tsakiyar rani, shuka ta tafi. Yana bukatar masu haɗa famfon hasken rana, masu sanin iri da maganin ƙwari, da masu shanya tattasai a kan tsabta, su niƙa, su ƙunshe, maimakon a sayar da shi a buhu wani can ya ci ribar gari. Tsinka da shanya galibi aikin mata ne, don haka 'yan matan da suka bar makaranta suna da gurbi a nan. Kayan aikin ma ba daga nesa za a nemo su ba: Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014, tana da sashen ilimin noma, akwai cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi, akwai kuma asusun tallafa wa horon sana'a na FAFPA. Abin da ya rage shi ne su zauna da ƙungiyoyin manoma kafin a tsara darasi.

Za a ce gonakin suna kan iyaka, inda ake kisa da satar mutane, ga ambaliya irin ta 2019. Gaskiya ne. Sai dai gwamnati da kanta ta ɗage haramcin tattasai a 2017, na kifi a 2019, kuma yunwa da zaman banza sun fi amfanar masu ɗaukar matasa zuwa daji. Kuma ana iya koyon ban-ruwa a lambun rijiyar burtsatse nesa da gaɓa. Wasu kuma za su ce karatu ne gaba da sana'a. Matashi mai shekara 17 da ya rasa firamare ba zai koma aji ɗaya ba. A haɗa masa karatu da lissafi cikin horon, da Barbarci ko Hausa, a lokutan da aikin lambu ya yi sauƙi.

Akwai batun adalci kuma. Tubabbun 'yan Boko Haram da suka fito daga cibiyar Gudumariya a Disamba 2019 sun fito da sana'a a hannu. Mun goyi bayan hakan, amma yaran Geskeru da Tumur da suka ƙi bin daji suna kallo. Muna kira ga hukumomin jihar da masu ba da tallafi su ware musu guraben horo a kasafin baɗi, a fara kafin lokacin dashe.