Gaisarik da alkamar Kartaj

Sharhinmu na yau a kan Gaisarik ne, sarkin Bandalawa, wanda ya yi sarauta daga 428 zuwa 477. An fi tuna shi da wawashe birnin Rum, amma ni a ganina ya riga ya gama da daular Rum ta Yamma shekara 16 kafin nan, ranar da ya raba ta da ƙasar da ke ciyar da ita.

A 429 ya tsallako mashigin Jibralta daga Sifen zuwa Afirka da mutum kimanin 80,000, har da mata da yara da tsofaffi. Mayaƙan da ke cikinsu ba su kai su razana babbar daula ba. Sai dai kamar yadda Bahaushe ke cewa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kwamandan Rumawa a Afirka, Bonifas, ya daɗe yana takun saƙa da manyan fada, kowa na neman wuyan ɗan'uwansa. A 430 Gaisarik ya yi wa Hippo ƙawanya, wato Annaba ta Aljeriya a yau, kuma cikin ƙawanyar ne babban malamin Kirista, Agustin, ya rasu. A Oktoban 439 ya shammaci Kartaj, kusa da Tunis ta yanzu, ya kama ta da tashar jiragenta. Daga wannan tasha alkama da man zaitun ke zuwa Italiya, daga lardinta kuma ake tara harajin da ake biyan soja. Bayan shekara 5, sarkin Rum ta Yamma, Balentiniyan na Uku, ya faɗa da kansa a cikin wata doka cewa kuɗin da ke shigowa ba ya isar ciyar da soja da tufatar da su.

Wani zai ce ai wawashe Rum a 455 shi ne babban bugu. Gaskiya ne an kwashe mako biyu ana jidar dukiya, an tafi da matar Sarki Balentiniyan da 'ya'yanta mata biyu da bayi masu yawa. Amma zinariyar fada sau ɗaya aka ɗauke ta, harajin Afirka kuwa kowace shekara ake rasa shi. Wani kuma zai ce ina yabon azzalumi. Ko kusa. Ya ƙwace gonakin mutane ya raba wa mayaƙansa, ya kori limaman Katolika saboda ɗariƙarsa daban ce, har ya loda bishop na Kartaj a ruɓaɓɓen jirgi ya tura shi teku. Zaluncinsa tabbatacce ne, kuma sakacin waɗanda suka bar masa lardin bai wanke shi ba.

Mu a Vimtim da Mubi ba ma buƙatar dogon bayani a kan illar rasa ƙasar noma da kasuwa. A ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram ta kama Mubi, Vimtim ma ta faɗa hannunta, kasuwar shanu ta watse, hanyar Kamaru ta mutu, manoma suka gudu suka bar amfani a gona ana dab da girbi. Na yarda Najeriya ba Rum ba ce, kuma 'yan ta'adda ba su kafa mulki irin na Gaisarik ba. Babban bambancin shi ne sojoji da mafarauta sun ƙwato Mubi cikin 'yan makonni, tun abokin gaba bai kafu ba. Rumawa kuwa yarjejeniya suka yi da Gaisarik a 442, suka amince masa da Kartaj. Da suka tashi ƙwato ta da gaske a 468, sai da daular Rum ta Gabas ta zuba dukiyar baitulmalinta ta haɗa jirage sama da 1,000. Gaisarik ya nemi 'yan kwanakin sulhu, aka ba shi, ya jira iska ta juya, ya saki jirage masu ci da wuta cikinsu a gaɓar Tunisiya. A 476 aka tuɓe sarkin Rum ta Yamma na ƙarshe, Gaisarik kuwa ya mutu a Kartaj a Janairun 477, yana kan gadonsa na sarauta.