Ilmin Iska Da Ruwa Na Mutanen Sin Da Teburin Malami

Tun shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta rufe ofisoshi da makarantu a ƙasashen duniya, mutane da yawa suka koma yin aikin ofis a cikin gidajensu, har wa yau kuwa waɗansu ba su bari ba. Tare da wannan sai wata magana ta bazu a littattafai da wayoyin hannu, wai akwai wani ilmi na mutanen Sin mai suna feng shui, wanda in mutum ya jera tebur da kujera bisa ƙa'idarsa, aikinsa zai yi albarka, kuɗi su yi ta shigowa. Mun ji samarinmu masu ilmin zamani, har da malaman makaranta, sun fara tambaya a kansa. To, tun da abin ya iso ƙofar gida, ya kamata mu zauna mu sheƙe shi, mu ware tsaba da ƙaiƙayi.

A harshen Sin, feng iska ke nan, shui kuwa ruwa. Asalin abin ba don ofis aka yi shi ba, don zaɓen wurin kabari ne da wurin kafa gida ko gari. Tsohon littafinsu a kan binne matattu, wanda a ke danganawa ga wani malaminsu Guo Pu da ya rayu daga 276 zuwa 324, shi ya yi bayanin cewa akwai wani ɓoyayyen ƙarfi mai yawo cikin ƙasa, iska tana watsa shi, ruwa yana tsare shi. Saboda haka gwanin wannan sana'a ya kan nemi wurin da tudu ya kare iska daga baya, ruwa kuma yana gudana a gaba. Kada mu raina su, gama a hannun irin waɗannan masu duban ƙasa allurar nan mai nuna kudu da arewa ta yi aiki tun kafin matuƙan jirgin ruwa su ɗauke ta. Wani masaninsu Shen Kuo ya rubuta bayaninta a 1088, har ya lura ba ta nuna kudu sak, ta kan ɗan karkace.

Wanda ya ke son ganin ƙa'idar a tsaye sai ya dubi tsohuwar fadar sarakunan Sin a birnin Bejin, wadda aka gama a 1420. Ƙofarta tana duban kudu. A bayanta, wajen arewa, akwai tudu wanda mutane suka tara da ƙasar da suka haƙa daga ganuwar ruwan da ta kewaye fadar, a gaba kuma ga ƙorama da aka jawo. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A arewacin Sin iskar sanyi mai tsanani daga arewa ta ke busowa, rana kuwa da tsaka kullum tana wajen kudu, rani da damina. Mai gida ya ba arewa baya ya fuskanci kudu, ya tsira daga sanyi ya sami ɗumi. Wannan hikima ce ta manomi da magini, daga baya aka yafa mata rigar asiri.

Yanzu ga abin da su ke faɗi a kan ɗakin aiki. Babbar ƙa'ida ita ce wurin zama. A ajiye tebur inda mai aiki zai iya ganin ƙofa ba tare da ya waiwaya ba, amma kada ya zauna daidai saitinta, kuma bayansa ya kasance bango ne, ba taga ba. Mun yarda da wannan ƙwarai, ba kuwa don wani ƙarfi mai yawo ba. Mutumin da ya ba ƙofa baya, rabin hankalinsa yana kan motsin da ke bayansa, ko yaro ya shigo ko labule ya kaɗa sai ya juya. Wanda ya zauna a saitin ƙofa kuwa, iska ta watsa masa takardu, duk mai wucewa ya tsaya gaisuwa. Wanda taga ke bayansa, inuwar kansa ta rufe masa rubutu, in kuwa kwamfuta ce hasken ya kashe masa fuskarta. Ai mu ma ba baƙin wannan ba ne. Wa ya taɓa ganin malami a zaure ya ba ƙofa baya yana ba da karatu, ko sarki a fada? Bango su ke jingina da shi, mai shigowa a gaban idonsu ya ke sallama.

Haka kuma batun kawar da tarkace, da barin hanya tsakanin ƙofa da tebur, da buɗe taga don iska ta ratsa, da raba wurin aiki da wurin barci in da hali. Duk malamin da ya taɓa neman littafin ɗalibi guda cikin tulin littattafai arba'in da dare ya san amfanin kanta da tsari.

Ƙaiƙayin fa? Masu sayar da wannan ilmi a yau su kan raba ɗaki gida-gida, su ce wannan kusurwar arziki ce, waccan ta suna, waccan ta aure. Kusurwar arziki, in ji su, ita ce ta can ciki a hannun hagu in ka tsaya a bakin ƙofa, sai ka ajiye mata kwaɗon ƙarfe mai ƙafa uku da kwabo a baki, ko ƙwaryar ruwa mai ɓulɓula. Abin da ba su cika faɗi ba shi ne wannan hanyar auna ɗaki daga ƙofa sabuwa ce, wani malami Lin Yun ne ya yaɗa ta a Amurka cikin shekarun 1980. Masu tsohuwar hanya da allura su ke aunawa, kuma sau da yawa kusurwar da wannan ya nuna ba ita wancan zai nuna ba. In awo biyu suka saɓa a ɗaki guda, ba kuwa wanda zai iya gwada wa jama'a nasa ne daidai, mu a makaranta ba mu kiran wannan ilmi. Har ma itacen nan da a ke sayarwa cikin kwalba da sunan gorar sa'a ta Sin, ba gora ba ce, asalinsa kuwa dazuzzukan tsakiyar Afirka ne, wajen Kamaru. Sai ga namu ya je yawon duniya ya komo da sabon suna da tsada!

A ƙasar Sin kanta ba a taɓa haɗa baki a kan abin ba. Gwamnatin da ta hau a 1949 ta lissafta shi cikin camfi, aka kuma matsa wa masu yinsa ƙwarai tsakanin 1966 da 1976. A Hongkong ne ya ci gaba da kasuwa, har da aka buɗe dogon benen Bankin Sin a 1990 mutane suka yi ta gunaguni wai gefunansa masu kaifi kamar wuƙa suna yankan sa'ar maƙwabta. Mu dai, Musulminmu da Kiristanmu, mun san inda arziki ya ke fitowa, mun kuma san zomo ba ya kamuwa daga zaune. Malamin da albashinsa da ƙyar ya ke kai ƙarshen wata, in ya sayi kwaɗon ƙarfe ya bar fitila mai kyau, ya cuci idonsa ya cuci ɗalibansa. Ƙwaryar ruwan nan kuma, ranar da wuta ta ɗauke ta daina motsi, sauro ne zai fara cin arzikinta.

Wani abin lura shi ne ko tsabar ma ba a ɗauko ta yadda ta ke, gama kayan aro ba ya rufe katara. Sin dabam, ƙasarmu dabam. Mu ba ɗumin rana mu ke nema ba, gudunsa mu ke yi. A Kano, daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta, rana da tsaka tana wajen arewa ne, ba kudu ba. Hadarinmu daga gabas ya ke tasowa, shi ya sa maginanmu su ke ƙara wa bangon gabas yaɓe. Iskar hunturu da ƙurarta daga arewa maso gabas su ke zuwa. Tagar yamma kuwa ta kan mai da ɗaki tanderu tun daga azahar har faɗuwar rana. Saboda haka ne a ke shimfiɗa ajin makaranta daga gabas zuwa yamma, tagoginsa su dubi kudu da arewa. Mai shirya ɗakin aiki a nan sai ya nisanta littattafai da kwamfuta daga tagar gabas don feshi, ya ɗaga kanta daga ƙasa ya ɗan janye ta daga bango don gara, haske kuma ya zo masa daga hagu in da dama ya ke rubutu.

Mun san da yawa cikin malamanmu ba su da ɗakin da za su ware, a bakin gado su ke duba aikin yara, ko a tabarma bayan iyali sun kwanta. Wannan shi ya fi damunmu. Muna roƙon hukumomin da ke gina gidajen malamai su riƙa barin kusurwa guda mai tagar kudu ko arewa, wadda tebur da kujera da kanta za su shiga, kwalejojin horon malamai kuma su ba ɗalibansu ko da darasi ɗaya ne a kan shirya wurin aiki kafin a tura su ƙauyuka.