"Baba Kawo In Yi Maka"

Jama'a masu karatu, yau na ajiye labari gefe, faɗa na zo yi. Kuma ba da 'yan damfara nake ba, su sana'arsu suke yi, Allah Ya shirye su. Da mu 'ya'ya nake, mu da muka saya wa iyayenmu manyan wayoyi muka damƙa masu, muka juya baya.

Ku zagaya Mabera da hantsi, ku tsaya gun masu POS. Za ku ga dattijo ya miƙa katinsa, ya faɗi lambar sirrinsa da ƙarfi kamar mai talla, ko ya zaro 'yar takardar da aka rubuta masa ita, a naɗe tare da katin. Wa ya rubuta masa? Ɗansa! A farkon 2023, da Babban Bankin Najeriya ya canza fasalin naira takardun kuɗi suka ɓace, aka tura tsofaffinmu harkar taransifa ba shiri. Duk gudunmawar da muka ba su ita ce, "Baba kawo in yi maka." Mu fizge wayar, mu danna-danna, mu mayar. Bai ga komai ba, bai koyi komai ba.

To ranar da ba ka gida fa? Ranar ce wani mai laushin murya zai kira, ya ce daga banki yake, ya ambaci cikakken sunan Baba, ya ce za a rufe BVN ɗinsa yau in bai karanto lambar da ta shigo yanzu ba. Baba ya saba duk wanda ya ce kawo, miƙawa ake yi. Sai ya karanto. Kafin la'asar kuɗin fanshonsa sun bi ruwa. Abin da ya fi ci mini rai, sai ya yi shiru ya ɓoye, don ya san dariya za mu yi, mu ce ai tsufa ne.

Tsufa? Haba jama'a! Innar da ke riƙe lissafin adashen mata ashirin a ka, ita ce za ta kasa riƙe lamba 4? A ƙasar Sakkwaton nan Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'yan taru, jajinta suna bin ƙauyuka suna karantar da mata har cikin gidajensu. Mu kuwa ɗaki guda muke da mahaifiyarmu, amma minti goma ya gagare mu.

Abin koyarwar ma ba yawa. Banki ba ya kira ya tambayi lambar sirri ko lambar da ya turo. Lamba 6 da WhatsApp ke turowa ba a karanta wa kowa, ko da mai kiran ya ce daga ƙungiyar masallaci ne, da ita ake sace layin a roƙi 'yan uwa kuɗi da sunan Baba. In saƙo ya zo cewa jika na asibiti, a kira jikan a ji muryarsa tukuna.

Sannan ka zauna kusa da shi, wayar na hannunsa, naka hannun na aljihu. Ya tura maka naira 100 da kansa, ya sake, har sai ya daina waiwayenka. In ya zo saka lambar sirri, kai ma ka kau da kai.