Lasisin Gidajen Haya: Darasi Daga Birnin Liverpool

A wannan wata za mu dubi wata mas'ala da ta taso a Ingila, domin da yawa daga cikinmu 'yan haya ne ko masu bayar da haya.

A shekarar 2004 majalisar dokokin Birtaniya ta kafa dokar gidaje wadda ta bai wa hukumomin birane ikon wajabta wa masu gidajen haya karɓar lasisi. Daga cikin sharuɗɗansa akwai gwada bututun gas kowace shekara, da sanya na'urar da ke kururuwa idan hayaƙi ya tashi, da rubuta wa ɗan haya ƙa'idodin zama, kuma a tabbatar mai gidan mutum ne da ya cancanta. Wa'adin tsarin bai wuce shekara biyar ba, daga nan sai a sake shawara.

Hukumar Newham da ke Landan ce ta fara ɗora shi a kan yankinta baki ɗaya a 2013. Liverpool ta bi sahu a watan Afrilu na 2015. Da wa'adi ya kusa cika sai birnin ya nemi sabuntawa, amma a watan Janairu na 2020 minista Robert Jenrick ya ƙi amincewa, bisa cewa hujjar da aka kawo ba ta isa a haɗa dukkan birnin ba. Tsarin ya faɗi a ƙarshen Maris, kuma bai dawo ba sai a Afrilu na 2022, a mazaɓu 16 kawai. A Disamba na 2024 gwamnati ta janye sharaɗin neman yardar minista, nauyin ya koma wuyan biranen.

Ra'ayinmu shi ne a ci gaba da irin wannan tsari. Masu adawa suna cewa kuɗin lasisi kan ɗan haya yake komawa, kuma ana wahalar da mai gida na kirki saboda laifin wani. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma wajibi ne kuɗin ya tsaya daidai da aikin dubawa, kada ya zama haraji a ɓoye. To amma mene ne madadinsa? Shi ne hukuma ta zauna tana jiran ƙara. Alhali wanda ya fi shan wuya shi ne ya fi tsoron kai ƙara: baƙo, da talaka, da wanda ya san cewa idan ya yi magana za a ba shi takardar tashi.

Ko wanda ya yi ƙarfin hali ya koka ba lallai a saurare shi ba. A Disamba na 2020 wani yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, wanda iyayensa suka zo daga Sudan, ya rasu a garin Rochdale. Gidan na wata ƙungiyar gidajen jama'a ne, mahaifinsa ya sha kai kuka kan danshi da fumfunar bango, kuma binciken kotu a 2022 ya tabbatar cewa fumfunar ce sanadi. A 2023 aka kafa doka da sunansa.

Malaman fiƙihu sun bayyana cewa haya cinikin amfani ce, suka ba ɗan haya zaɓin warware yarjejeniya idan aibi ya hana shi amfanin gida. Amma wanda ba shi da wurin komawa, ina amfanin zaɓi gare shi? Shi ya sa tun a zamanin su Imam Mawardi aka ɗora wa muhtasibi bin kasuwa da unguwa yana kawar da cuta, ba tare da jiran mai ƙara ba.

Saboda haka idan wa'adi ya cika, a tambayi hukuma gida nawa ta shiga, aibi nawa aka gyara, mutum nawa aka hukunta. Idan masu dubawa sun yi kaɗan a ƙara su, idan an samu cin hanci a kore shi, amma kada a rushe tsarin. Mu kuma da muke da ɗakunan haya, mu duba rufinsu da wayoyin wutarsu da makewayinsu kafin mu miƙa hannu karɓar kuɗi. Allah Ya tsare mu daga cin haƙƙin mai rauni, amin.